Gajiyar da Barci Ba Ya Saukewa

Ƴaƴana, maza da mata, ku da Allah ya ba abin yi a ma'aikatu, bari in fara muku da wata doka wadda da yawanku ba ku taɓa buɗewa ba, alhali dominku aka rubuta ta. Ranar 25 ga Satumba, 2012, aka sa hannu a kan dokar ƙwadago ta Nijar mai lamba 2012-45. A ayarta ta 155 an jera abubuwa biyar da aka ce su ne sababbin haɗurran da ke bin lafiyar ma'aikaci: matsin rai, shan taba, shan giya, shan ƙwaya, da cutar Sida. Sa'an nan aka ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikata nauyin ya faɗakar da mutanensa a kan waɗannan abubuwa, ya kuma samar musu da taimakon da zai kwantar da hankalinsu, ya gyara zamansu da jama'a. Ku lura da wanda aka sa a gaban jerin. Matsin rai ne ya riga taba, ya riga giya.

Dokar ta shafi kamfanoni, bankuna, ƙungiyoyin agaji, da makarantu da asibitoci masu zaman kansu. Ma'aikatan gwamnati na dindindin suna da tasu daban. Sai dai gajiyar da nake son mu yi magana a kanta ba ta tambayar irin takardar da aka ɗauke ka aiki da ita.

A dā, ɗan garin Dogo in ya tasa hanyarsa sananniya ce: gona da damina, garka a fadamar Korama da rani, a yanki rake a kai kasuwa, ko a yi tafiyar bida zuwa Kano, Legas ko Libiya. Yau wani yana matatar mai ta SORAZ a hanyar Tanut, wadda aka buɗe a 2011. Wata ungozoma ce a likitar karkara. Wani direban ƙungiyar agaji ne, kullum yana tsakanin Damagaram da Magarya, yana wuce ƙofar gidansu ba damar tsayawa. Wani mushe ne, wato malamin makaranta, ɗan kwantaragi a ƙauyen da ko rezo sai an hau tudu. Wani mai gadi ne a bakin banki, tsaye daga magariba har wayewar gari. A idon mutanen gari duk kun haye. Kuma daga ranar da aka ji an ɗauke ka, albashin nan ya daina zama naka kai kaɗai.

Mafi ƙanƙantar albashin da doka ta yarda da shi a ƙasar nan ya daɗe a kan jika 30 da ƴan kai, sai a farkon 2024 aka ɗaga shi zuwa jika 42. Ko mai ninkin wannan sau uku, ku tambaye shi yadda yake ranar ashirin ga wata. Ku dubi mushen nan da na ambata. Ajinsa rumfar kara ce, yara sun cika ta har baki suna zaune a ƙasa, iskar hunturu tana zuba ƙura a kan allo yana sharewa da hannun riga. Ya yi ta ɗaga murya har ta dushe. Kuɗin wata sun makara. Da dare ya kwanta a tabarma, waya a kan ƙirji, ga kira uku da bai ɗauka ba: tsohuwa, ya san maganar hatsi ce, ƙanensa da ke jami'a a Damagaram, ya san kuɗin rajista ne, na ukun lambar mai shago ce, wanda sunansa ya cika shafi biyu a littafinsa. Ya yi lissafi a ka, bai fita ba. Ya sake daga farko, kamar wani abu zai ƙaru. Yana cikin haka ladan ya kira asuba. Da safe aka gaishe shi, ina gajiya, ya ce ba gajiya, ya ɗauki alli.

Abin ba ya zuwa da sunansa. Ta jiki yake shigowa. Ciwon kai ne da ba ya jin farasitamol, wuya ya riƙe, ƙirji na zafi, gaba na faɗuwa da zarar waya ta yi ƙara. Tuwon da kake so ya koma ba ɗanɗano. Ka hau matarka da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ka mari yaro don ya zubar da ruwa, daga baya kai da kanka ka rasa dalili. Ka je likita a gwada masassara, ba ita ba ce; a gwada taifot, ba ita ba ce. Ka koma gida da ƙwayoyi cikin leda, bayan sati biyu ka dawo. Duk majon da ya daɗe a likitar karkara ya san irin waɗannan fuskokin, waɗanda jininsu lafiya lau amma su ba lafiya ba.

Daga nan ne wasu ke faɗawa hannun mai tebur, mai sayar da tramol. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin waɗanda jiki ke sabawa da su har ya kasa rabuwa. Na asibiti yawanci miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake sayarwa a gefen tasha kan kai 200 ko 225. Ɗan kabu-kabu ya sha don ya jure rana, lebura ya sha don ya ɗauki buhu, yanzu kuma har mai zama a biro yana jefa shi cikin shayi don ya kai yamma. Makon farko sai ka ji kamar an sauke maka kaya. Bayan haka ƙwaya ɗaya ba ta isa, ranar da ba ka samu ba jiki na rawa, kuma yawansa na kayar da mutum kamar mai farfaɗiya. Ga bashi na nan inda yake, an ƙara masa kuɗin ƙwaya.

Kakanninmu suna da nasu tsari. A zamanin Sarki Tanimun na Damagaram, lokacin da ayarin raƙuma ke tashi daga Zango zuwa Tarabulus, yaron fatake ko ɗan koyo a rumfar dukawa yana ƙarƙashin idon ubangidansa dare da rana. Akushi ɗaya suke sa hannu. In yaro ya rage cin abinci, ubangida ne farkon gani. In uban yaro ya rasu, shi ke kawo likkafani. In ya isa aure, shi ke shige masa gaba. Ba na ce zamanin ya fi namu ba, don akwai bauta a cikinsa, akwai bulala, kuma wanda ya faɗa hannun mugun ubangida ba shi da wurin kai ƙara. Amma dai wanda ke cin guminka ya san fuskarka. Yau mai kamfanin yana Yamai ko wata ƙasa, abin da ya sani game da kai lamba ce a kwamfuta. Aikin ya zo mana da albashi da agogo, bai zo da mai duba fuska ba.

Waɗanda suka riga mu shiga irin wannan aiki sun riga mu ganin ramin. A Amurka, cikin shekarun 1940, manyan kamfanoni irin su DuPont da Eastman Kodak suka lura cewa korar ƙwararren ma'aikaci saboda giya ta fi yi masa magani tsada, don kafin a horar da wani an yi asara. Sai suka fara tura mashayansu wurin likitan kamfani da kuma ƙungiyar tsofaffin mashaya masu taimakon juna, wadda aka kafa a 1935. Zuwa shekarun 1970 aka gane giyar sau da yawa reshe ce, saiwar tana wajen bashi, rikicin aure, rasuwa ko fargaba. Aka faɗaɗa abin ya zama shirin taimakon ma'aikata kamar yadda aka san shi yanzu. Ba tausayi ne ya haife shi ba, lissafi ne, kuma ban ga laifin hakan ba tunda ma'aikaci ya amfana.

Yadda yake tafiya ba wuya. Ma'aikata ce ke biyan wasu ƙwararru na waje. Ana ba kowane ma'aikaci lambar waya ko wurin zuwa. Ya kira da kansa, ba sai ya nemi izinin shugabansa ba, a ba shi ƴan zama kaɗan kyauta, shi ko iyalinsa. Abin da ke komawa wurin ma'aikata adadi ne kawai, mutum kaza suka zo a wannan wata, ba suna, ba abin da aka faɗa. A cikin masu aikin akwai likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani, akwai masanin halayyar ɗan Adam mai jinya da magana, akwai kuma mai ba da shawara, wanda shi ne ya fi shafarku. Shi ba ya gano cuta, ba ya ba da ƙwaya. An horar da shi ne ya zauna da mai lafiyar da kaya suka yi wa yawa, ya taya shi warware su tun ba su kwantar da shi ba, in kuma ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya miƙa shi gaba.

Bari in nuna muku yadda zaman yake, kada ku ɗauka wani siddabaru ne. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari mai suna PM+, wanda aka gwada a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya. Wanda ba likita ba yana iya koyonsa. Zama 5 ne, sau ɗaya a mako, kowane awa ɗaya da rabi. Ka shiga, ku gaisa, ya tambaye ka abin da ya kawo ka. Kai kuma ka zube masa komai a tare: bashi, shugaban da ke daka maka tsawa gaban na ƙasa da kai, ciwon tsohuwa, matar da ta yi yaji. Ba zai ce maka sai haƙuri ba. Zai jawo takarda ya ce ku jera su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ku ware wanda ke hannunka da wanda ba ya hannunka. Ciwon sugan tsohuwa ba kai za ka warkar da shi ba. Amma wa zai riƙa sayen magani wata-wata, wannan magana ce da za a zauna da ƴan'uwa a raba. Sai ya ce ka zaɓi guda, kuma ƙarama. A ce bashin mai shago. Nawa ne? Za ku yi mamakin yawan waɗanda ba su sani ba, tsoron jin adadin ya hana su tambaya, suna ta zagaye layin shagon. Waɗanne hanyoyi ke akwai? Ku rubuta duka, har da mai ban dariya. Ka ɗauki ɗaya ka sa mata rana: Talata bayan la'asar zan je in ce ya buɗe littafin, mu yanke abin da zan riƙa ba shi duk ƙarshen wata. Mako mai zuwa, kafin ka gama zama zai tambaye ka, ka je? In ba ka je ba, ba zagi ba gori, sai ya ce to, me ya tare ka, ku duba wannan ɗin.

Zai koya maka numfashi ma. Hannu ɗaya a kan ciki, ka ja iska a hankali ta hanci har cikin ya taso, ka sake ta a hankali, ka yi ta maimaitawa na ɗan lokaci. Na san wani zai yi dariya ya ce wai numfashi za a koya masa da gemunsa. Amma mai fargaba sama-sama yake numfashi bai sani ba, kuma jan iska a natse yana saukar da bugun zuciya. Wannan aikin jiki ne, ba camfi ba. Zai kuma matsa maka ka koma ga abubuwan da ka yar: fadar shayin da ka daina zuwa, ƙwallon yamma, sallar jam'i, leƙa garka ranar hutu. Mai baƙin ciki yakan ce sai ya ji daɗi zai fita, alhali sau da yawa fitar ce ke jawo jin daɗin.

Kada ku ce sai ƙasar masu kuɗi. A Harare ta Zimbabwe, wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya fara wani aiki a 2006 da tsofaffin mata. Aka horar da su, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, masu damuwa suna zuwa su zauna da su har sau 6. Da aka buga sakamakon gwajin a 2016, bayan wata 6 kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da tsofaffin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a cikin waɗanda ba su zauna da su ba kuwa kusan kashi 50. Tsofaffi masu kunne da riƙon amana ba su ƙare a ƙasar Damagaram ba. Horon ne babu.

Na san abin da ke ran wasunku, don na sha jin sa a bakin masallaci: mai imani ba ya damuwa, wannan duk raunin tawakkali ne. Ƴaƴana, ku yi hattara da wannan magana, tana ƙara wa mai ciwo ciwo. Ba wanda ke ce wa mai hawan jini imaninsa ne ya yi rauni. Kuma ilimin nan ba baƙo ba ne a gidan Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, malami daga ƙasar Balkh a Afganistan ta yau, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus a kan lafiyar jiki da ta rai. Ya yi bayanin fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi, ya kuma bambanta baƙin cikin da aka san sanadinsa, kamar rasuwa ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, wanda ya danganta da jiki ya ce yana son magani. Ya ƙarfafa neman mai nasiha daga waje, don mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani. Fiye da shekara dubu ke nan. Ka yi addu'arka, ka tashi da dare, ka je wurin malaminka. Ba wanda ya hana. Haƙurin da aka yabe shi shi ne kada ka yi wa Ubangiji butulci, kada ka zalunci wani don kana cikin ƙunci. Ba a ce ka kulle baki har ka faɗi ba.

Tsoro na biyu ya fi na farko hujja, kuma ina tare da ku a kansa. An rene mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A garin da kowa ya san kakan kowa, maganar da ta fita da hantsi ta kai kasuwa kafin azahar. In aka ji ka je ganin mai shawara, gobe a biro wani zai ce saura a kai ka Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, wanda sunansa ya zama abin tsokana a bakin mutane. Wata ma auren ƙanwarta za a fara taɓawa. Saboda haka kafin ka buɗe cikinka, ka yi tambaya, kuma haƙƙinka ne. Wa ke biyanka? Me kake rubutawa, ina kake ajiyewa, wa ke da mabuɗin? Me ke komawa wurin shugabana? A wane hali ne za ka faɗa wa wani abin da na gaya maka? Mai gaskiya zai amsa ba tare da jin haushi ba, zai kuma ce maka iyaka ɗaya ce: in ranka ko ran wani na cikin haɗari. In ka ga yana kwana-kwana, ko ka tarar wanda aka naɗa mai sauraren shi ne kuma mai sa hannu a takardar ƙarin girma da ta kora, to ka gaishe shi da kyau, ka yi maganar barci da ciwon kai, ka riƙe sauran. Wanda ya fi dacewa shi ne na waje, wanda ba ku haɗa dangi ko unguwa ba. A nan waya ta yi rana, don kana iya magana daga bayan gari ba wanda ya ga ƙofar da ka shiga.

Sai abin da shirin taimakon ma'aikata ba zai iya ba, kuma a nan nake so ku buɗe ido sosai. Duk mai garka a Korama ya san in aka yi ta jan rijiya ba hutu, laka za ta fara fitowa, kuma wanke guga ba ya maganin wannan. Sai an bar rijiyar ta tara. In aikin mutum uku aka ɗora wa ɗaya, in ana riƙe albashi, in shugaba ya mai da cin mutunci abincinsa, ba yawan numfashin da zai gyara. A Faransa, kamfanin waya na France Télécom, wanda ya koma Orange, ya ƙudurta rage ma'aikata 22,000 cikin shekara 3. Da yake da yawansu doka ba ta yarda a kore su ba, sai aka bi ta hanyar ƙuntata musu: a canza wa mutum gari ba shawara, a raba shi da aikin da ya iya, a sa masa abin da ba zai cimma ba, har ya gaji ya tafi da kansa. Tsakanin 2008 da 2009 ma'aikata 35 suka kashe kansu. Kuma a lokacin kamfanin yana da wuraren sauraren ma'aikata. A watan Disamba na 2019 kotu a Paris ta sami kamfanin da tsohon shugabansa Didier Lombard da laifin gallaza wa ma'aikata. Don haka in an kawo muku mai shawara, ku karɓa hannu biyu, amma kada ya zama toshiyar baki. Abin da yake na zuciyarka, kai shi wurinsa. Abin da yake na tsarin aiki, wannan na wakilan ma'aikata ne, da ƙungiyar ƙwadago, da ofishin sufeton ƙwadago da ke Damagaram.

Yawancin ma'aikatunmu ba su da komai irin wannan, kuma ba za a kawo ba sai an nema. Ku nema a tare, ta bakin wakilanku, a rubuce, cikin ladabi. Kada ku shiga wa mai kamfani ta ƙofar tausayi, ku shiga ta aljihu. A watan Satumba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ce kowace shekara ana asarar ranakun aiki biliyan 12 saboda ciwon damuwa da fargaba, abin da ya kai kusan dalar Amurka tiriliyan 1, kuma kashi 15 cikin 100 na waɗanda suka kai shekarun aiki suna ɗauke da wata matsala ta ƙwaƙwalwa. Mai kamfanin ma ya san direban da bai yi barci ba shi ke kifar da mota, mai kuɗi a banki da hankalinsa ya rabu shi ke kuskuren sifili. Ba sai an fara da babba ba. A yi yarjejeniya da ƙwararre guda a Damagaram ya riƙa zuwa ko ana kiransa. A horar da shugabannin sassa su iya gane alama, su kuma iya magana ba tsawa. Malaman makaranta da ma'aikatan likita su kai maganar ga ƙungiyoyinsu. Masu jinyar yara a Magarya da kewaye, waɗanda daga Agusta zuwa Oktoba masassara da tamowa ke cika musu gadaje, suna rufe idon ɗan wani su juya kan na gaba ba ko zama, su ya kamata a fara tunawa da su.

Ku ƴaƴana mata, naku ninki biyu ne. Kin tashi daga aiki kin tarar da wani aikin yana jiranki a murhu, ga goyo, ga uwar miji da ke ganin kuɗinki na gida ne amma gajiyarki taki ce. Wata kuma tana haɗiye maganganun banza daga wani babba a wurin aiki, ba ta iya faɗa wa miji don kada ya ce ta ajiye aikin. Ki sani dokar ƙwadago ta hana wannan. In za ki ga mai shawara, kina da damar ki ce mace kike so ta saurare ki. In kuma bayan haihuwa kika ji duniya ta yi miki baƙi, kuka ba dalili, jaririn ma ba kya son ɗauka, ki faɗa wa ungozoma. Ciwo ne da aka sani, yana da magani, ba mugun hali ba ne.

Akwai inda shawara ke tsayawa, asibiti ya karɓa. Wanda ya yi mako biyu ko fiye ba abin da ke faranta masa rai, ya daina wanka, ya daina fita. Wanda ke jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya tabbata ana bin sa. Wanda ya yi kwanaki ba barci amma yana ta surutu da rabon kuɗi. Wanda ba ya iya wuni ba ƙwaya. Sama da duka, wanda ya fara cewa gara ya huta, ko rayuwarsa ba ta da amfani, ko ya kama yafe bashi da rarraba kayansa ba ciwo ba tafiya. Wannan ba a jira ranar zama. Babban asibitin Damagaram yana da sashen ƙwaƙwalwa, kuma majon likitar garinku zai iya rubuta muku takardar turawa. Kada a ɗaure shi a turu, kada a doke shi da sunan fitar da iska. In iyali na son ruƙiya, a yi, amma kada a ajiye maganin likita dominta.

Galibi ba shugaba ba ne zai fara gani, ba kuma mai shawara ba. Kai ne, abokin aikinsa, da kuke raba shayi. In ka ga wanda ya saba raha ya yi shiru, kada ka tambaye shi a gaban mutane. Ka ja shi gefe bayan an tashi, ka ce masa, wane, kwana biyu na ga ba ka nan, me ke faruwa? Zai ce ba komai. Kada ka tafi, kada kuma ka cika shi da wa'azi ko labarin naka bashin. Ka zauna, ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa ko da tana tsinkewa. In zuciyarka ta ba ka abin ya yi nisa, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi yake ji an ba shi ƙofar faɗa. In ya ce e, kada ka bar shi shi kaɗai a daren, ka kawar da maganin ƙwari da igiya da ƙwayoyi daga ɗakin, ka kira ɗaya daga cikin nasa wanda shi ya yarda da shi. Da safe kada ka ce masa ya je asibiti. Daga Dogo zuwa Damagaram ba ta kai awa guda a mota ba. Ka nemi izini a wurin aiki, ka biya kuɗin motar, ku tafi tare.